Baƙon Itace A Gidan Gwauruwa

Iyayenmu na dā sun san itatuwa kamar yadda mutum ya san maƙwabtansa. In sun shiga daji ba su cewa, "Ga wani itace can," sai su kira shi da sunansa, su kuma faɗi aikinsa. Kirya ta turmi ce da gawayin maƙera. Marke na ƙota ne. Giginya ta azara ce, bagaruwa ta majema, ɗorawa ta daddawa, kaɗanya kuwa ta man kaɗe. Sun san wanda akuya za ta ci ta yi ƙiba, sun kuma san samberu, wanda makiyayi ke kore shanunsa daga gindinsa saboda dafin da ke cikin ganyensa. Har unguwanninmu ma sunayen itatuwa gare su. Akwai Unguwar Rimi da Kawo a Kaduna, akwai Kurna da Giginyu a Kano, akwai Durumi a Abuja.

Yanzu kuwa wannan sani yana raguwa, ga shi kuma baƙin itatuwa sun shigo ƙasarmu da yawa. Darbejiya, wadda waɗansu ke kira dogon yaro, daga Indiya ta fito, an fara dasa ta a ƙasar Barno a 1928. Itacen turare daga Ostiraliya ya zo, kashu kuma daga Birazil. Waɗannan sun daɗe tare da mu har sun sami suna. Amma akwai waɗansu da suka shigo ɗaya ɗaya, ba wanda ya raɗa musu suna. Na lura kuwa in mutane ba su san sunan abu ba, sai su ƙaga masa labari. Wani irin labarin nan ya kusa raba wata 'yar'uwa da ikkilisiyarmu, shi ne na ke so in ba ku.

Garinmu yana kudancin Jihar Kaduna. Akwai wata gwauruwa a cikinmu, mace mai natsuwa, wadda ba ta fashin Zumuntar Mata, tana kuma toya ƙosai da safe a ƙofar gidanta. Mijinta ya yi shekaru da yawa yana aikin jirgin ƙasa a kudu. Da ya huta daga aiki ya komo gida, ya zo da wani ɗan dashe a cikin gwangwani. Ya ce ya ga irinsa a can, inuwarsa mai kyau ce. Ya dasa shi a ƙofar gida, kusa da hanyar da yara ke bi zuwa makaranta. Itacen ya yi girma da sauri, amma mai gidan ya rasu tun bai fara 'ya'ya ba.

Bayan rasuwarsa da 'yan shekaru, abu uku suka faru cikin rani ɗaya. Na fari, mutane suka fara jin ƙara kamar ta bindiga daga cikin itacen, da tsakar rana sa'ad da zafi ya yi tsanani. In an fita an duba, ba kowa. Na biyu, wani saurayi ya sare reshe domin awakinsa, kafin magariba idanunsa suka kumbura suka yi ja wur, ya kwana uku ba ya iya buɗe su da kyau. Na uku shi ne mafi nauyi. Wani yaro ɗan shekara shida ya yi wasa a gindin itacen da la'asar, da dare ya fara amai da gudawa, yana kuka wai maƙogwaronsa yana ƙuna. Aka kai shi asibiti aka yi masa ƙarin ruwa, Allah kuwa ya tashe shi.

Daga nan magana ta tashi. Wasu suka ce itacen na iskoki ne. Wasu suka ce ai bai taɓa harbi ba sai da mai gidan ya mutu, don haka a tambayi matar abin da ta sani. Ba wanda ya furta kalmar maita a gabanta, amma ta ji ta a jikinta. Masu sayen ƙosai suka ragu, har wata rana ta kwashe ƙullunta ta mai da cikin gida. Ranar Lahadi bencin da ta ke zama ya zama nata ita kaɗai. Daga baya uban yaron ya kawo ƙara gaban dattawan ikkilisiya.

Ni ina cikin dattawan. Na yi shekara talatin ina koyar da yara a makarantar firamare, na kuma saba tambayar yaro abin da ya gani da idonsa kafin in saurari abin da ya ji. Da aka gama jin ƙarar, sai na tambayi taron ko akwai wanda ya san sunan itacen. Aka yi shiru. Na ce, "To, 'yan'uwa, muna shirin yanke wa mace shari'a a kan itacen da ko sunansa ba mu sani ba. Ku ba ni mako biyu in nemo sunan." Fasto ya yarda, ya kuma ja kunnen kowa kada a ƙara ɗaga maganar sai ran da aka sa.

Kashegari na tafi wurin wani tsohon maharbi, wanda ba itacen dajinmu da bai sani ba. Na ce, "Baba, ina so ka zo ka duba mini wani itace." Ya ce, "Malam, wanda a ke ta faɗa? Ni maharbi ne, ƙarar bindiga ba ta hana ni kusantar wuri. Mu je." Muka sallama wa mai gida. Ta fito idonta duk ya faɗa saboda rashin barci. Na ce, "Mama, mun zo duba itacenki ne, ba ke muka zo dubawa ba." Ta ce, "Ku duba, Malam. Ni ma ina so in sani."

Muka fara da jikin itacen. Ɓawonsa toka-toka ne, ya cika da ƙaya gajeru masu kauri a gindi, masu tsini a kai, tun daga ƙasa har rassa, har ba inda mutum zai ɗora tafin hannu. Wannan ƙaya ce ta sa waɗansu suka ce rimi ne, gama ƙaramin rimi yakan yi ƙaya irin wannan, haka kuma gurjiya. Tsoho ya ɗaga kai ya dubi ganye, ya girgiza kai. Ya ce, "Ganyen rimi kamar yatsun hannu ya ke, biyar ko bakwai ko fi a kan sanda guda. Na gurjiya ma haka. Wannan kuwa ganye guda ne. Ba rimi ba ne, ba gurjiya ba ce."

Sai muka koma kan ganyen. Yana da faɗi kamar tafin hannun babban mutum, mai siffar zuciya, da ɗan tsini a baki. Sandarsa doguwa ce. Jijiyoyinsa sun fito fili, suna jere kamar kunyoyin gona, gefensa kuma yana da ƙananan haƙora marasa kaifi. A wurin da sanda ta haɗu da ganye akwai waɗansu 'yan ƙuraje biyu, ɗaya a kowane gefe. Ganyayen ba su fuskantar juna a kan reshe, ɗaya yakan fito nan, na biye ya fito gaba kaɗan a wani gefe. Wani maƙwabci da ya tsaya kallo ya ce, "To, ai durumi ke nan." Gaskiya ganyen ya yi kama da na durumi. Amma tsoho ya ce, "Ka taɓa ganin durumi da ƙaya? Jikin durumi sumul ya ke, 'ya'yansa kuma 'yan ƙanana ne irin na ɓaure. Kama da wane ba wane ba ne."

Na uku, muka duba ruwan jikinsa. Tsoho ya sa kowa ya ja da baya, ya tsaya ta inda iska ba za ta kawo masa kome a fuska ba, ya ɗan tsaga ɓawon da bakin wuƙa. Wani farin ruwa kamar tsinkakken nono ya tsattsafo. Bai taɓa shi ba, bai kuwa kai wuƙar kusa da bakinsa ba. Ya ce, "Itace mai nono kashi biyu ne. Akwai mai lafiya, kamar kaɗanya da ɓaure da ceɗiya. Akwai mugu, kamar tinya da tumfafiya, waɗanda in nononsu ya shiga ido sai an sha wuya. Wanda ba ka sani ba, ka sa shi cikin mugaye tukuna." Nan na tuna da saurayin da ya sare reshe. Na aika aka kira shi, na tambaye shi ko ruwan ya taɓa shi. Ya ce ya fantsar masa a hannu, ya kuwa share gumi da hannun.

Na huɗu, fure. Muka ga iri biyu a itace ɗaya. Ɗaya ja ne mai duhu, a dunƙule kamar ɗan ƙaramin zangarniyar masara, yana rataye a doguwar sanda. Ɗayan kuma shi kaɗai ya ke fita kusa da gindin ganye, ja, da kai kamar 'yar laima.

Na biyar, 'ya'ya. A nan tsoho ya yi shiru ya daɗe yana dubawa. Ɗan itacen kamar 'yar ƙaramar kabewa ya ke, bai fi dunƙulen hannun yaro ba, a shafe sama da ƙasa, da tsagi tsagi kewaye da shi. Na ƙirga tsagin wani, na sami 15. Ɗanye kore ne, busasshe kuwa ruwan ƙasa, mai tauri kamar katako. A ƙasa muka ga ɓaraguzan busassu, kowane ɓari a lanƙwashe kamar kunne. Muka bi su, muka same su har a ƙetaren hanya, waɗansu a kan jinkar maƙwabta. Tsoho ya ce, "Malam, wannan ba faɗowa ya yi ba. Jefo shi aka yi." Muna cikin wannan magana, rana ta take, sai muka ji "tau!" a bisa kanmu, ɓaraguzai suka watsu a kan kwanon ɗaki. Masu kallo suka ruga. Tsoho ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ga bindigar taku. Kwanson kawo da na doka ma sukan fashe da rani su jefar da iri, sai dai wannan ya fi su baki. Amma ba ɗan dajinmu ba ne. Baƙo ne, sai ka nemi masu littafi."

Saura ƙwayar. Fayau ta ke, zagayayya, kamar tsohon sule. Ranar Lahadi na kai guda uku ajin Makarantar Lahadi, na ɗaga, na tambaya ko akwai wanda ya san wannan. Hannuwa suka tashi. Yaran suka ce kuɗinsu ne, da su su ke wasan kasuwa. Na ce, "Akwai wanda ya taɓa ci?" Aka dubi juna. Can sai wata yarinya ta ce yaron da ya yi ciwo ya fasa biyu ya ci, ya ce musu da ɗan daɗi kamar gyaɗa. Sun ɓoye ne domin tsoron duka.

Yanzu mun san abin da ya faru, amma ba mu san sunan ba tukuna. Jikana ya ɗauki hoton ganyen da wayar hannu, wayar ta kawo sunaye huɗu dabam dabam, gama itatuwa masu ganye irin wannan suna da yawa a duniya. Sai na yi yadda a ke koya wa ɗalibai. Na sa safar hannu ta roba, na yanko ɗan reshe mai ganye da fure, na shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, na danne da katako da dutse. Na naɗe ɗan itacen a tsumma na sa a gwangwani mai murfi, don kada ya fashe a mota. Na rubuta a takarda inda itacen ya ke, da tsawonsa, da irin ɓawonsa, da launin ruwansa, da watan da ya yi fure. Sa'an nan na kai wa wani ma'aikacin gandun daji a babban garin da ke kusa da mu.

Yana buɗe gwangwanin ya ce, "Baba, ina ka samo wannan? A kudu ya fi yawa, ana dasa shi a bakin hanya da filin makaranta domin inuwa." Ya ɗauko littafi ya nuna mini hotonsa, ya bi alamun ɗaya ɗaya, ƙaya, da ganye, da 'yan ƙurajen nan biyu, da fure iri biyu, da ɗa mai tsagi. Duka suka yi daidai. Sunansa a wurin masana Hura crepitans. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus ne ya rubuta shi da wannan suna a 1753, kalma ta biyun kuwa da Latin tana nufin abu mai ƙara. Asalinsa daga ƙasashe masu zafi na nahiyar Amurka ne. Turawan Ingila suna kiransa itacen akwatin yashi, domin a zamanin dā sukan huda ɗansa su zuba lallausan yashi a ciki, su riƙa barbaɗawa a kan takarda don tawada ta bushe.

Na ce, "Ɗana, harbin fa?" Ya ce in ɗan ya bushe, kowane ɓari yana ja ta nasa waje, har su tsage gaba ɗaya da ƙarfi. Haka Mahalicci ya shirya masa ya watsa irinsa nesa da inuwar uwa. A 1977 waɗansu masana suka auna wannan a ƙasar Gana, suka tarar ƙwaya tana iya kaiwa nisan mita 45. Ya ce itacen dangin rogo ne, da zurma, da bini da zugu, da tinya, dangin da ke da masu dafi da yawa. Ruwan jikinsa yana ƙona fata, in ya shiga ido yana iya hana gani na ɗan lokaci. Mutanen ƙasarsa ta asali sukan zuba shi a rafi su kama kifi. Ƙwayarsa kuwa tana sa ƙunar maƙogwaro da amai da gudawa mai tsanani, ƙaramin yaro kuma shi ya fi shiga hatsari. Na roƙe shi ya rubuta mini wannan a takarda da hannunsa, ya rubuta.

A hanyar komowa na yi ta tunani a kan labarin da ke cikin 2 Sarakuna sura 4. A lokacin yunwa ne a Gilgal. Annabi Elisha ya sa a dafa wa almajiran annabawa abinci. Ɗaya daga cikinsu ya fita neman ganye, ya sami wata yaɗuwar jeji mai 'ya'ya, ya tsinko cike da rigarsa, ya yayyanka a tukunya, bai kuwa san ko mene ne ba. Da suka fara ci suka gane akwai dafi. Mutumin nan ba mugu ba ne, so ya ke ya ciyar da 'yan'uwansa. Elisha bai sa a nemo mai laifi ba. Gari ya ce a kawo, ya zuba a tukunyar, Allah kuwa ya kawar da cutar. Haka marigayin nan ya ɗauko dashensa da kyakkyawar niyya, domin inuwa.

Ran da aka sa, dattawa suka taru, aka kira uban yaron da gwauruwar. Na shimfiɗa ganye da ɓaraguzai da ƙwaya a kan tebur, na karanta takardar ma'aikacin. Saurayin ya faɗi yadda ya share gumi. Yaron da kansa, da uwarsa ta rarrashe shi, ya ce ya ci biyu. Na kuma bayyana dalilin da ya sa ba a ji harbi ba sai bayan rasuwar mai gida. Itace ba ya harbi sai ya yi 'ya'ya, wannan kuwa bai isa yin 'ya'ya ba sai a shekarun nan. Uban yaron ya sunkuyar da kai. Can ya tashi ya durƙusa a gaban matar ya ce, "Mama, ki gafarta mini. Tsoro ne ya rufe mini ido." Ta ce, "Tashi, ɗana. Da ɗana ne ya kwanta haka, ni ma da ban san abin da zan faɗa ba. Na yafe." Ranar Lahadi fasto ya bayyana wa dukan jama'a, ya tuna mana da dokar da ta hana shaidar zur a kan maƙwabci, ya ce raɗa a bayan ido ma shaida ce.

Sai maganar abin da za a yi da itacen. Waɗansu suka ce a bar shi, a kewaye shi da shinge, a riƙa tsinke 'ya'yan tun suna ɗanyu. Amma wa zai hau itace mai ƙaya haka kowace shekara? Dattawa suka ce itacen nata ne, ita za ta faɗa. Ta yi kwana biyu tana tunani, gama shi ne abu na ƙarshe da mijinta ya dasa da hannunsa. Sa'an nan ta aiko ta ce, "Baban yara ya dasa shi domin yara su sha inuwa. Tun da ya ke yana cutarsu, a sare." Matasan ikkilisiya suka sare shi, sanye da riguna masu dogon hannu da tabarau, suka rufe hanci saboda garin katakon. Ba a ba kowa itacen ya kai murhu ba. Aka tattara ƙwayoyin da suka watsu aka binne da zurfi, aka kuma tumɓuke 'yan tsiron da suka fito da damina. A gurbinsa aka dasa tsamiya, uban yaron ne kuwa ya ɗauki nauyin ba ta ruwa.

Ba dukan ciwon ne ya warke nan da nan ba. Masu sayen ƙosai sun komo, amma akwai mata biyu ko uku da suka daɗe ba su iya haɗa ido da ita ba. Sare itace aikin yini ɗaya ne. Mai da wa mutum sunansa yakan ɗauki shekaru.

Ya ku iyaye, ga abin da zan roƙe ku. In kun ga itacen da ba ku sani ba a gida, ko a gona, ko a filin makaranta, kada alama ɗaya ta ishe ku. Ƙaya ta ce rimi, ganye ya ce durumi, dukansu kuwa ba su faɗi gaskiya ba sai da aka haɗa su da fure da ɗa. Ku duba ganye, ko guda ne kamar na mangwaro da kanya, ko a jere kamar gashin tsuntsu irin na tsamiya da maɗaci da darbejiya, ko kamar yatsu irin na kuka da ɗinya. Na aduwa biyu biyu ne, na kalgo kuma a tsage kamar kofato. Ku duba ɓawo. Na kaɗanya kamar bayan kada ya ke, na hano yana saɓulewa kamar takarda, yana kuma da ƙanshi. Ku duba ruwan jiki. Na madobiya ja ne kamar jini. Ku duba ƙaya. Ta magarya biyu ce a wuri guda, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasasshiya. Ku lura da lokaci. Gawo yakan zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani. In kun tara alamun, ku fara tambayar tsofaffi, maharba da makiyaya da masassaƙa. In ya gagare su, ku kai wa ma'aikatan gandun daji. Akwai kwalejin koyon aikin gandun daji a Jos, akwai ma'ajiyar busassun tsire-tsire a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai kuma babba a cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan.

Kada ku ɗanɗana abin da ba ku sani ba, kada kuma ku ce tun da tsuntsu ko akuya ta ci, mutum ma zai iya ci. In yaro ya haɗiye ƙwayar da ba a sani ba, kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. A kai shi asibiti nan da nan, a tafi da ƙwayar da ganyen domin likita ya gani. In ruwan itace ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa har minti 15 ko fi, sa'an nan a tafi asibiti. Ku kuma tambayi yara a hankali. Yaron da ke tsoron bulala yakan ɓoye abin da zai ceci ransa.

Sanin itatuwa ba ƙaramin ilimi ba ne. Sa'ad da Littafi Mai Tsarki ya ke lissafta hikimar Sarki Sulemanu a 1 Sarakuna sura 4, ya sa sanin itatuwa a ciki, manya da ƙanana. Ubangijinmu Yesu ma da itace da 'ya'yansa ya yi misali sa'ad da ya ke koya mana yadda za mu gane mutum. Ashe kuwa 'ya'yan 'yar'uwar nan suna gabanmu shekara da shekaru, zuwa sujada, da ziyarar marasa lafiya, da ƙosan da takan ba yaran da ba su da kuɗi. Ƙara ɗaya ta sa aka manta da su duka.

Wani likita ɗan Sikotilan mai suna Dalziel, wanda ya fara aikin mishan a ƙasar Sin kafin ya zo Nijeriya ta Arewa, ya zauna da iyayenmu yana rubuta sunayen tsire-tsire daga bakinsu, har aka buga littafinsa na sunayen Hausa a 1916. Masana sun sa wa hano sunansa domin tunawa da shi. In baƙo ya ga wannan sani ya isa a rubuta, bai kamata mu masu shi mu bar shi ya bi tsofaffi zuwa kabari ba. Ran Asabar mai zuwa, ka kama hannun ɗanka ko jikanka, ku zaga bayan gari tare da wani tsoho. Ku koyi itace goma, sunansa da ganyensa da ɗansa, da wanda a ke ci da wanda ba a taɓawa. Wata mai zuwa ku ƙara goma. Ubangiji ya ba mu idon dubawa, ya kuma tsare bakinmu daga faɗin abin da ba mu bincika ba. Amin.